Darasin Kimiyya: Rikicewar Bugun Zuciya da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A gyara zama, a buɗe littafin rubutu. Darasin yau ya haɗa gaɓoɓi biyu da muka saba karantawa daban-daban, wato zuciya da ƙwaƙwalwa. Za mu fara daga cikin ƙoƙon kai, sannan mu gangaro ƙirji.

Abin da ƙwaƙwalwa ke nema

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ke nan. Amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita yayin da mutum yake hutawa, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa wurinta yake nufa, wato wajen mililita 750 a kowane minti. Hanta da tsoka suna ajiye sukari don gaba. Ƙwaƙwalwa kuwa ajiyarta ba ta taka kara ta karya ba. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take aiki da shi yanzu. Idan jinin ya tsaya cak, cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka mutum zai suma. Idan aka kai minti 4 zuwa 6 a haka, ƙwayoyinta sun fara mutuwar da babu dawowa.

Ku lura da hanyar da jinin ke bi. Yana fitowa daga ɓangaren hagu na zuciya ya shiga babbar jijiya, daga nan manyan jijiyoyi huɗu su haura da shi ta wuya, biyu ta gaba, biyu ta baya a jikin ƙashin wuya. A cikin kai sai su yi ta rassa, kowane reshe ya fi na bayansa ƙanƙanta, har a kai ga waɗanda ido ba ya gani. A kan wannan hanya babu matata ko ɗaya. Duk abin da ya fito daga hagun zuciya, jini ne ko wani abu da jinin ya ɗauko, ba abin da zai tare shi sai ya kai inda jijiya ta yi masa ƙanƙanta. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan, za mu buƙace shi.

Wa ke ba zuciya umarnin bugawa?

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu turawa. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana zaune lafiya, kusan sau 100,000 a yini da dare, tana tura wajen lita 5 na jini kowane minti. Umarnin bugun daga cikinta yake fitowa. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta masu haifar da lantarki da kansu. Arthur Keith da Martin Flack ne suka bayyana shi a Ingila a 1907. Lantarkin kan bazu a ɗakunan sama su matse tare, su zuba jini ƙasa. Daga nan ya isa ƙulli na biyu da ke tsakanin sama da ƙasa, wanda wani likita ɗan Japan, Sunao Tawara, ya bayyana a 1906 yana aiki a Jamus. Wannan ƙulli yana riƙe saƙon na kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, don ɗakunan ƙasa su gama cika, kafin ya sake shi su buga.

Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san amfanin makaɗi. Ganga ɗaya ce ke tashi, fartanya hamsin su sauka tare, kuyya ta tafi a miƙe. To a ce makaɗa ɗari sun shigo gonar, kowa yana kaɗa nasa. Manoman ba za su daina motsi ba, gumi ma sai ya fi zuba, amma noma ba zai ci gaba yadda ya kamata ba. Abin da ke faruwa ke nan a nau'in rikicewar bugu da ya fi kowanne yawa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa biyu, AF, mu kuma za mu kira shi karkarwar ɗakunan sama.

Akwai wasu nau'o'in. Bugu kan yi jinkiri ƙwarai idan ƙulli na biyu ya toshe, mutum ya riƙa jin jiri ko ya yanke jiki ya faɗi, kuma maganinsa ƙaramar na'ura ce da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji. Akwai tsallen bugu guda ɗaya da kusan kowa kan ji jefi-jefi, wanda galibi ba ya cutarwa. Akwai karkarwar ɗakunan ƙasa, ita kuwa tsayawar zuciya ce ɗungum, wadda ke kisa cikin mintoci. Amma wadda ke zama da mutum shekara da shekaru tana taɓa masa ƙwaƙwalwa ita ce ta sama, don haka a kanta za mu daɗe.

A cikin wannan cuta, saƙonnin lantarki 300 zuwa 600 ne ke tashi a ɗakunan sama a minti guda, ba tsari. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin da ke tayar da rikicin daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu yake fitowa. Ɗakunan sama ba sa iya matsewa sau ɗari huɗu a minti, sai dai su yi ta ɓari. Rahamar da ke ciki ita ce ƙulli na biyu ba ya barin duk saƙonnin su wuce. Yana sakin wasu yana tare wasu. Saboda haka ɗakunan ƙasa suna bugawa, amma da sauri kuma a hargitse: wani bugu ya zo kan wani, wani a jira shi. A takardar gwajin ECG, wadda tushenta na'urar da Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera a farkon ƙarni na 20, ana ganin abu biyu: ɗan tudun da ke gabatar kowane bugu ya ɓace, kuma tazarar da ke tsakanin dogayen layuka ba ta daidaita.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 ana bin lafiyar mutanen garin har jikokinsu, ya ƙiyasta cewa cikin mutum huɗu da suka kai shekara 40, ɗaya zai gamu da ita kafin ƙarshen rayuwarsa. Masu ita kan ce gabansu yana faɗuwa, ko suna haki daga ɗan tafiya, ko kasala ta rufe su. Mu kuwa da mun ji faɗuwar gaba sai mu kai ta ga tsoro ko damuwa ko mugun labari da ke tafe. Wasu da dama ba sa jin komai sam, kuma ga wasu tana zuwa ne ta yi awoyi ta tafi.

Kowa ya ajiye biro. Juya tafin hannun hagu sama. Ɗora yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu, ƙasa da gindin babban yatsa, a ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da jijiyar da ke miƙewa. Kada ka danna da ƙarfi, kada kuma ka yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun. Ka ji shi? Ka ƙirga na minti guda cur, amma hankalinka ya fi karkata ga tazara. A wurinku matasa, bugun kan ɗan ƙara sauri idan kun ja numfashi, ya lafa idan kun sauke. Wannan lafiya ce. Wanda ake nema shi ne bugun da ba za ka iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo ba, wani da ƙarfi, wani da ƙyar ake jin sa. Yatsa ba ya yanke hukunci, ECG ke tabbatarwa, amma yatsa ne ke tura mutum wurin gwajin, kuma ba a biyan ko kwabo.

Gudan jini

Duk wanda ya tsaya wurin yankan rago ranar Babbar Sallah ya ga yadda jinin da ya taru a rami yake daskarewa kafin a gama fiɗa. Jini yana zama ruwa ne matuƙar yana gudana a cikin lafiyayyar jijiya. A jikin ɗakin sama na hagu akwai wata 'yar jaka mai lunguna, girmanta bai wuce ɗan yatsa ba. Idan ɗakin yana matsewa daidai, kowane bugu yana wanke ta. Idan ya koma ɓari, jini ya kwanta a ciki ya yi guda. Ga marasa ciwon ƙofofin zuciya, kusan 9 cikin 10 na gudajin da ake samu a wannan ɗaki a cikin jakar nan suke.

Wata rana gudan ya ɓalle. Ya faɗa ɗakin ƙasa na hagu, aka tura shi babbar jijiya, ya haura wuya. Kun tuna babu matata. Zai tafi har inda ya cike jijiya ya tsaya, duk yankin ƙwaƙwalwar da ke gaba da wurin ya rasa jini. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Da yake kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa kishiyar ɓarinsa yake sarrafawa, toshewa a hagu kan shanye hannu da ƙafar dama, kuma sau da yawa ta tafi da magana, domin a yawancin mutane cibiyar harshe a hagu take. A 1991 masu binciken Framingham suka bayar da rahoton cewa karkarwar ɗakunan sama tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau 5. Shanyewar da ta fito daga zuciya kuma ta fi muni, domin gudan kan yi girma ya toshe babbar jijiya.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wanda saboda shi na zaɓi wannan darasi. Ba kowane guda ne babba ba. Ƙanana kan tafi su toshe ƙananan jijiyoyi a wuraren da ba su shafi hannu ko baki ba. Mutum bai faɗi ba, bakinsa bai karkace ba, ba wanda ya kai shi asibiti, amma wani ɗan yanki ya mutu. A ƙasar Suwizalan an ɗauki hoton MRI na ƙwaƙwalwar masu wannan cuta sama da 1,700, aka wallafa sakamakon a 2019. Cikin waɗanda ba su taɓa sanin sun yi shanyewar jiki ba, kimanin kashi 15 cikin 100 an same su da manyan tabban mutuwar yanki, kashi 18 kuma da ƙanana. Masu manyan tabban sun fi samun ƙarancin maki a gwajin tunani.

Yaya wannan yake a gida? A ce dattijo ne ɗan kasuwa, wanda shekara arba'in yana lissafin buhunan hatsi da bashin abokan ciniki da ka. Yanzu a miƙo masa dubu biyar a sayi kayan dubu uku da ɗari biyu, sai ya tsaya yana juya kuɗin a hannu. Yana sallar la'asar ya kasa tuna ko raka'a ta uku yake ko ta huɗu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya san 'ya'yansa, ya san labarin da, amma shirya abu daki-daki ya gagare shi, maganarsa ta yi nauyi. 'Ya'ya za su ce Baba ya tsufa, wasu su ce gigin tsufa ne, a rage masa zuwa kasuwa, shi ke nan. Mantuwa tana da dalilai da yawa, ba duka ne daga zuciya ba. Amma ina ganin kuskure ne babba a yanke wa dattijo hukuncin tsufa alhali ba wanda ya ɗora yatsa biyu a wuyan hannunsa, ba wanda ya auna masa hawan jini.

Akwai hanya ta daban da ba ta shafi guda ba. Matsewar ɗakunan sama ita ke ƙarasa cika na ƙasa, kuma idan ta ɓace, jinin da ake turawa kan ragu da kashi 20 cikin 100 ko fiye, musamman ga tsofaffi masu taurin zuciya. Ga shi kuma bugun da ya zo da wuri bai sami ɗakin a cike ba, sai ya tura kaɗan. Ƙwaƙwalwa na da dabarar buɗa jijiyoyinta ko tsuke su don daidaita abin da ke shigowa, sai dai jijiyar da hawan jini ya daɗe yana duka ba ta da wannan laushin. Binciken tsofaffi a birnin Reykjavik na ƙasar Aislan ya gano cewa masu karkarwar da ta zauna dindindin jinin da ke shiga ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran ƙaranci, kuma girman ƙwaƙwalwar ya fi raguwa.

Tafiya tare da haddasawa

A 1997 binciken birnin Rotterdam na Holan ya nuna cewa gigin tsufa ya fi yawa kusan ninki biyu a tsakanin masu wannan cuta, har da waɗanda ba a san su da shanyewar jiki ba. A nan ɗalibin kimiyya zai ɗaga hannu ya yi tambaya: abu biyu su zo tare, dole ne ɗaya ya haifi ɗaya? Ba dole ba ne. Tsufa, hawan jini, ciwon suga, ƙiba da shan giya duk suna jawo karkarwar zuciya, kuma kowannensu yana iya lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da kansa. Hanyar rarrabewa ita ce a hana gudan a ga me zai faru. A ƙasar Suwidin an duba bayanan marasa lafiya sama da 440,000, aka wallafa a 2018 cewa waɗanda aka sa wa maganin hana daskarewar jini tun farko sun fi tsira daga gigin tsufa da kashi 29 cikin 100. Amma wani gwaji da aka yi a Kanada kan mutanen da ba su tsufa sosai ba, kuma ba su da sauran cututtukan da ke ƙara haɗari, an dakatar da shi bayan an ga maganin bai ƙara musu komai ba ta fuskar tunani. Ke nan amfanin yana wurin masu haɗarin guda, kuma likita yana da ma'aunin gane su: yana ƙirga shekaru, hawan jini, ciwon suga, gazawar zuciya, ciwon jijiyoyin jini, da ko an taɓa yin shanyewar jiki.

A ƙasarmu

Abu biyu ne suka fi shafar mu. Na farko hawan jini. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa shi ne kan gaba nesa ba kusa ba a dalilan shanyewar jiki a yankin. Shi ne kuma yake kaurara bangon zuciya, ɗakin sama na hagu ya buɗe, lantarkinsa ya rikice.

Na biyu ya shafe ku kai tsaye, domin a shekarunku yake farawa. Ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar bakteriya ke kawowa yara 'yan shekara 5 zuwa 15, idan ba a yi maganinsa ba, garkuwar jiki kan juya ta far wa gaɓɓai da ƙofofin zuciya. Ciwon gwiwa ya wuce, a manta. Bayan shekaru ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ta tsuke, ɗakin sama ya kumbura, karkarwa ta shigo. Framingham ta nuna tun 1978 cewa idan karkarwar ta haɗu da wannan ciwon ƙofa, haɗarin shanyewar jiki yana ninkuwa kusan sau 17. A wani babban rajista na masu ciwon daga ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, da Indiya da Yaman, rabin marasa lafiyar ba su wuce shekara 28 ba, kuma mata sun fi yawa. Duk wannan, fenisilin da aka bai wa yaro a kan kari yana iya hana shi. Ban da waɗannan, maƙoƙo mai yawan aiki da minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa su ma suna tayar da karkarwar.

Magani

Ana rage gudun zuciya da ƙwayoyi, ana dawo da tsarin bugu da magani ko da jan lantarki a asibiti, ana kuma zura siririn bututu ta jijiyar cinya a ƙone wuraren da tartsatsin ke tashi. Amma abin da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwa daga guda shi ne maganin hana daskarewar jini. Tsohonsu wafarin, wanda aka gano asalinsa a jihar Wisconsin ta Amurka bayan shanu sun yi ta mutuwa da zubar jini saboda cin ruɓaɓɓen harawa. An fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince da shi ga mutane a 1954. Yana rage shanyewar jiki da kusan kashi 64 cikin 100. Asfirin bai kama ƙafarsa ba a wannan aiki, don haka kada wani ya sayo shi a kemis ya ce ya tsira.

Wafarin yana son kulawa. Ana gwajin jini mai suna INR a kai a kai, ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin mutane: ƙasa da haka guda, sama da haka zubar jini, har a cikin kai. Ganyaye irin su alayyafo da zogale suna da bitamin K mai rage ƙarfinsa. Ba a hana ci ba, a dai daidaita, kada a yi mako ba a taɓa ba sannan a cika kwano. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Yana kuma iya cutar da ɗan tayi, don haka mace mai shan sa ta sanar da likita kafin ciki ko da zarar ta ga alama. Daga 2010 an samu sababbin magunguna da ba sa buƙatar wannan gwaji, sai dai gwajin INVICTUS na 2022, da aka yi kan masu ciwon ƙofar zuciya sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna cewa a wurinsu tsohon maganin ya fi rage mutuwa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, alamominsa farat ɗaya suke zuwa: baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe ko ta ɗauke, gani ya dushe. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa a babbar toshewa ana rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Allurar narkar da guda ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba, domin alamominsu ɗaya ne amma maganin wannan guba ne ga wancan. Saboda haka kada a ba mara lafiyar asfirin a gida, kada a ɗura masa ruwa ko wani abin sha, don haɗiya kan lalace abin ya zarce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota, a yi addu'a a hanya. Ko da alamun sun washe cikin minti goma, a je a ranar, domin babbar shanyewar kan biyo baya cikin kwanaki kaɗan. Wani daga cikinku ya duba agogo ya riƙe lokacin da aka ga mara lafiyar lafiya lau na ƙarshe, ya kuma ɗauko kwalayen magungunan da yake sha, domin su ne likita zai fara tambaya.